Tambaya da Amsa: Yadda Ƙaramin Shago Zai Fito Idan An Neme Shi a Waya

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mai ƙaramar sana'a a birnin Kano zai yi har sunan shagonsa ya riƙa fitowa idan wani ya ɗauki waya yana neman irin hajarsa. Na zaɓi guda biyar na taƙaita su, kuma kamar yadda aka saba a wannan fili, an sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Fagge, shekarata 11 ina ɗinkin kayan maza. Kwanakin baya wani baƙo da ya zo ɗaurin aure daga Abuja ya shaida mini cewa da ya sauka ya nemi tela a Google, shagon wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ne ya fito masa, nawa kuwa ko alamarsa babu. Shin kuɗi ake biya kafin a sa mutum, ko kuwa sai wanda ya yi boko mai zurfi?
Daga wani tela, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ba a biyan ko sisin kwabo, kuma duk wanda ya iya aika saƙo a WhatsApp zai iya wannan aiki. Abin da baƙonka ya gani taswira ce da 'yan shaguna a ƙarƙashinta, galibi guda uku, kowanne da lambar waya da hotuna da lokacin buɗewa. Waɗannan bayanai suna fitowa ne daga wata rajista ta kyauta da ake kira Google Business Profile, wadda har zuwa shekarar 2021 aka san ta da sunan Google My Business. Yaronka ya shigar da shagonsa cikinta, kai ba ka shigar ba, bambancin ke nan. Akwai tallar da ake biya wa kuɗi, wadda takan hau sama da alamar cewa talla ce, amma ba ita nake ba ka shawara ka fara da ita ba.

Da farko ka tanadi asusun Gmail naka na kanka, wanda kai kaɗai ka san lambar sirrinsa. Ka buɗe Google Maps ka rubuta sunan shagonka, domin ta yiwu wani abokin ciniki ya riga ya sa shi ba tare da saninka ba. Idan yana nan, akwai wurin da za ka danna ka ce naka ne. Idan babu shi, sai ka shigar da shi sabo. A wurin suna, ka rubuta ainihin abin da ke jikin allon ƙofar shagonka, kada ka ƙara komai. Mutane da yawa sukan yi kwaɗayin cusa kalmomi kamar "tela mafi ƙwarewa a Kano, babbar riga, kaftani, farashi mai sauƙi" a cikin sunan, da tunanin hakan zai ɗaga su. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma yana iya jawo a dakatar da rajistar gaba ɗaya. Idan kuma shagonka ba shi da allo, to ka fara da zuwa wurin mai rubuta allo kafin komai, domin nan gaba za a buƙaci ganinsa. Bayan suna sai rukunin sana'a: ka zaɓi tela a matsayin babban rukuni, kada ka zaɓi kantin tufafi don kawai ya fi daɗin ji.

Google da kansa ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera shagunan unguwa: dacewar shagon da abin da aka nema, nisansa daga mai neman, da kuma shahararsa. Dacewa tana hannunka, ta hanyar rukuni da bayanin ayyukan da kake yi. Shahara tana ginuwa a hankali daga ra'ayoyin abokan ciniki da yadda ake ambatonka a wasu wurare. Nisa kuwa ba ka da iko a kansa, kuma yana da kyau ka san haka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci. Mutumin da ke tsaye a Kabuga ya nemi tela, telolin Kabuga da Gadon Ƙaya za a fara nuna masa, ko da kuwa ka fi su iya aiki. Saboda haka idan za ka gwada ko ka fito, ka gwada kana cikin Fagge ko kusa da ita, kamar wajen Kantin Kwari ko titin Ibrahim Taiwo, inda baƙi ke yawan sauka sayayya.

A ganina babbar matsalar Kano a wannan fanni ita ce adireshi. Mu mutanen kwatance ne. Idan ka tambayi ɗan birni ina shagonsa yake, zai ce maka bayan masallacin Juma'a, ka bar layi na farko ka shiga na biyu, daura da mai shayi. Wannan kwatance yana aiki ga wanda zai iya tsayawa ya yi tambaya, amma na'ura ba ta san mai shayi ba. Abin da ta sani shi ne ɗigon da aka kafa a kan taswira. Na taɓa ɗaukar adaidaita sahu zuwa wani shagon kafinta a wajen Sharaɗa ina bin taswira, ta kai ni ƙofar wani gida da ke nesa da shagon ƙwarai, saboda wanda ya yi masa rajista yana zaune a gidansa ya yi ta, na'urar kuma ta ɗauki inda yake zaune. Sai da na kira waya sau uku kafin na isa, kuma na tabbata baƙon da bai san gari ba da tuni ya juya. Don haka ka tsaya a ƙofar shagonka daidai, ka kunna alamar wuri a wayarka, ka ja ɗigon da yatsa har ya hau kan rufin shagon. Ka rubuta sunan titi da unguwa da ƙaramar hukuma yadda aka san su, kwatancen kuma ka sa shi cikin bayanin shagon. Akwai wata gajeriyar lamba ta haruffa da alƙaluma da ake kira Plus Code, wadda aka ƙirƙira musamman domin wuraren da ba su da lambar gida. Idan ka danna shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake a Google Maps za ka gan ta. Ka kwafe ta, ka buga a katin shagonka da jikin ledar da kake sa ɗinki, duk wanda ya rubuta ta a taswira za ta kawo shi bakin ƙofarka.

Sai tantancewa, wato Google ya tabbatar shagon yana nan kuma naka ne. A da Google yakan aiko da kati ta gidan waya ɗauke da lamba, abin da ya sha wahalar da mutanenmu saboda wasiƙa ba ta cika isa cikin lungu ba. Yanzu sau da yawa bidiyo ake nema, a ɗauka kai tsaye ba tare da yankewa ba: ka nuna titin, ka nuna allon shagon, ka nuna kana buɗe kwaɗo da makullinka, sannan ka nuna kekunan ɗinki da teburin yanka. Bayan 'yan kwanaki za a amsa maka.

Da zarar an tantance ka, ka sa hotuna na gaskiya: fuskar shagon yadda mai tahowa daga titi zai gan ta, da babbar riga da kaftanin da ka ɗinka da hannunka, a ɗauke su da rana cikin haske. Ka kuma kula da lokutan aiki. Idan kana rufewa don sallar Juma'a ka nuna haka, idan azumi ya zo kuna kwana kan keke har asuba ka sauya lokutan, ranakun Sallah kuma akwai wurin sa lokuta na musamman. Mutumin da ya biya kuɗin mota ya zo ya tarar da ƙofa a rufe alhali waya ta ce masa a buɗe take, da wuya ya sake dawowa.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Hotoro, ina yin kayan gara kamar alkaki da dubulan da nakiya da cincin a gida, yara masu babur suna kai wa mutane. Ina son a riƙa samuna a intanet, amma maigidana bai yarda a sa adireshin gidanmu kowa ya gani ba, ni ma ban so. Akwai mafita?
Daga wata 'yar'uwa, Hotoro.

AMSA: Hajiya, akwai mafita, kuma ku biyun kuna da gaskiya. Google ya tanadi tsari ga masu sana'ar da suke kai kaya ko aiki wurin abokin ciniki, irin masu gyaran famfo da masu kai abinci. Lokacin rajista za a tambaye ki ko mutane suna zuwa wurin sana'arki, sai ki ce a'a. Za a karɓi adireshin gidan domin tantancewa kawai, ba za a nuna shi ba, a madadinsa sai ki lissafa yankunan da kike kai kaya, misali Nassarawa da Tarauni da Kumbotso. Ki lissafa inda yaranki suke iya kaiwa da gaske, domin faɗaɗa yankin har Kaduna ba zai sa ki fito a can ba.

Ki ware layin waya na sana'a daban da naki na gida, ki ɗora masa WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a shekarar 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa. A cikinta akwai wurin jera kaya da hotuna da farashi, ta yadda uwar amarya za ta ga bokitin alkaki da kuɗinsa tun kafin ta yi miki magana. Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne sunan sana'ar da lambar wayar su zama iri ɗaya a ko'ina: a Google, a Facebook, a Instagram, a TikTok, da kan takardar da kike liƙawa a jikin roba. Idan a nan kin rubuta suna ɗaya, a can wani, a wani wurin kuma tsohuwar lambar da kika daina amfani da ita, mai nema zai rikice, na'urar ma ba za ta gane cewa duk mutum ɗaya ba ce. A hotuna kuma ki nuna kayan kaɗai a kan faranti mai tsabta, ki duba kada ƙofar gida ko lambar mota ta shiga ciki.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wani matashi ya ce in ba shi kuɗi zai kawo mini mutum 50 su rubuta yabo da taurari biyar a shafina. Sannan akwai wata mata da ta rubuta cewa shaddar da na sayar mata ta zuba, ta ba ni tauraro ɗaya. Yaya zan goge nata, kuma me kake gani game da tayin yaron?
Daga wani ɗan kasuwa, Kwari.

AMSA: Alhaji, ka mayar wa yaron tayinsa. Mutum 50 da ba su taɓa taka rumfarka ba su shaida cewa kayanka nagari ne, wannan shaidar zur ce, kuma algus ne ga wanda zai karanta ya yarda ya turo kuɗinsa daga Zariya ko Maraɗi. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu sananne ne ga kowane ɗan kasuwa a Kwari, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya sauya don cinikin ya koma cikin waya ba. Ta fuskar Google ma haramtacce ne. Yana da hanyoyin gano yabon da ya zubo lokaci ɗaya daga asusun da ba su da tarihi, yana goge su, yana kuma iya sa wa shafin takunkumi. Ba da rangwame ko kyauta don a rubuta maka yabo shi ma ƙa'idar ta hana.

Abin da aka yarda da shi, kuma ya fi amfani nesa ba kusa ba, shi ne ka roƙi abokan cinikinka na gaskiya. A cikin rajistar akwai wani mahaɗi na musamman, wato link, da za ka iya turawa ta WhatsApp, wanda yake kai mutum kai tsaye wurin rubuta ra'ayi. Duk dillaliyar da ta karɓi kayanta ta ce ta gode, a wannan lokacin za ka tura mata, ka ce ta faɗi abin da ta gani da harshen da ta ga dama. Mutum biyu ko uku a kowane mako, a shekara sun zama tarin shaidu da babu mai iya rushe su.

Game da matar da ta koka, ba ka da ikon goge ra'ayinta, kuma Google ba ya cire ra'ayi don kawai bai yi wa mai shago daɗi ba. Yana cirewa ne idan zagi ne, ko ƙarya ce daga wanda bai yi ciniki da kai ba, ko makamancin haka, kuma akwai wurin kai ƙara. Idan da gaske ta sayi shaddar a wurinka, ka ba ta amsa a ƙarƙashin rubutunta cikin ladabi, ka ba ta haƙuri, ka nemi ta kira ka a daidaita. Kada ka ambaci sirrin cinikinku, kada kuma ka mayar da martani cikin fushi. Ka tuna cewa amsar taka ɗaruruwan mutane ne za su karanta ta bayan ita, kuma da yawansu sun fi natsuwa da ɗan kasuwar da aka yi kuka da shi ya gyara a kan wanda shafinsa yabo ne zalla. Kwari kasuwa ce mai gidaje da benaye da layuka masu yawa, don haka ka rubuta sunan gidan da kake ciki da hawa na nawa da lambar rumfa a adireshinka, in ba haka ba wanda ya zo nemanka zai ƙare a rumfar maƙwabcinka.

TAMBAYA: Da Hausa ya kamata in rubuta bayanin shagona ko da Turanci? Ina sayar da kilishi.
Daga wani mai karatu, Agadasawa.

AMSA: Ka rubuta da duka biyun, domin masu nemanka iri biyu ne: ɗan gari da zai rubuta da Hausa, da baƙon da ya zo daga Legas yana son tsaraba. Sa'arka ita ce kilishi sunansa kilishi a kowane baki. Ga masu sana'ar da sunanta ke da haruffa masu lanƙwasa, irin su ɗinki da ƙira, ku sani cewa yawancin mutane ba sa sa lanƙwasar idan suna rubutu a waya, saboda haka babu laifi kalmar ta zo ta fuska biyun a cikin bayanin. Ka yi amfani da kalmomin da masu saye suke faɗa da bakinsu idan sun tsaya gabanka, kamar mai yaji da marar yaji da na tsaraba, cikin jimloli masu ma'ana.

TAMBAYA: Ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Wani yaron shagona ne ya buɗe mini shafin da imel ɗinsa da lambarsa. Yanzu mun rabu ya buɗe nasa shagon, duk wanda ya neme ni a Google shi yake kira. Ga shi kuma wani ya bugo mini waya ya ce daga Google yake, in biya kuɗi ko a rufe shafin.
Daga wani mai gyaran waya, Tarauni.

AMSA: Ɗan'uwa, mu fara da mai bugo wayar: ɗan damfara ne. Google ba ya karɓar kuɗi don a buɗe rajista ko a bar ta a buɗe. Kada ka tura masa komai, kuma duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo kada ka karanta wa kowa ita, domin da ita ake ƙwace asusun mutane.

Batun yaron kuwa ya fi kowace tambaya a wannan wata taɓa ni, domin na ga irinsa ya faru da dattawa da dama waɗanda suka miƙa wa 'ya'yansu ko yaran shago wannan aiki saboda suna ganin harkar yara ce. A tsarin Google, wanda ya buɗe rajista da imel ɗinsa shi ne mamallaki, ko da kuwa ba shi da ko allura a shagon. Hanya mafi sauƙi ita ce sulhu. Ka je da wani babba da yake jin nauyinsa, ko shugabannin layinku, a roƙe shi ya shigar da imel ɗinka a matsayin mamallaki, ya miƙa maka babban iko, sannan ya cire kansa. Aikin mintuna kaɗan ne, sai dai sabon mamallaki yakan jira 'yan kwanaki kafin ya sami cikakken iko. Idan ya ƙi, ka shiga da asusunka ka nemi shagon ka danna neman mallaka. Google zai tura masa saƙo ya ba shi wa'adi, idan bai amsa ba za a iya ba ka damar tantance kanka, idan kuma ya ƙi amincewa kana iya ɗaukaka ƙara. A nan ne takardu suke amfani: takardar rajistar sunan kasuwanci daga Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, idan kana da ita, da rasit ɗin kuɗin hayar shago, da hoton allon da ke ɗauke da sunanka.

Kada ka buɗe sabuwar rajista da suna ɗaya a wuri ɗaya don ka huce haushi, domin za a ɗauke ta a matsayin maimaici, kuma ra'ayoyin da abokan cinikinka suka rubuta tsawon shekaru suna kan tsohuwar. Idan shafin ya dawo hannunka, ka sauya lambar wayar nan take, ka duba ɗigon taswira ko an karkatar da shi zuwa sabon shagonsa. Nan gaba idan kana buƙatar wani ya riƙa sa maka hotuna da amsa ra'ayoyi, ka shigar da shi a matsayin manaja, wanda yake iya yin aikin yau da kullum amma ba ya iya cire ka, kai kuwa kana iya cire shi duk ranar da ya bar shagon.